Kundin aikin tikitin wifi na shagon Kawu, a Tawa

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Yau na kwance tsohon tsarin wifi na shagon Kawu. Shekara guda ke nan yana sayar da intanet da kalmar sirri guda ɗaya, wadda yake rubutawa a bayan kwalin shayi, ya canza ta duk ranar Juma'a. Wanda ya biya sai a raɗa masa, shi kuma kafin la'asar ya raɗa wa 'yan fadarsu kaf. Idan wata ya ƙare kuɗin layi ya zo, sai Kawu ya cika da ribar shinkafa da man girki.

Mun tsaida magana a kan tikiti iri uku. Na dala ashirin, wato sefa 100, awa biyu. Na dala hamsin, jiga ɗaya cikin kwana biyu. Na jika guda, wato sefa 1000, jiga biyar cikin mako.

Kayan da ke gabana: rauta, wato na'urar raba intanet, ƙirar hEX ta MikroTik, kamfanin ƙasar Latbiya da aka kafa a 1996, sai eriya biyu, ɗaya bisa rufin shago, ɗaya a kan dogon ƙarfe wajen rumfar masu shayi, sai wata 'yar kwamfuta Raspberry Pi 4 da ba ta fi tafin hannu ba. Rautar tana da nata mai lissafin, amma lasisin mataki na 4 da take zuwa da shi zama 20 yake ɗauka a lokaci guda, alhali ƙofar wifin kanta tana ɗaukar mutum 200. Shi ya sa na ɗora manhajar lissafi ta FreeRADIUS a kan 'yar kwamfutar, ta riƙe littafi. Kawu ya laƙaba musu suna tun kafin in gama jona wayoyi: rauta ita ce mai gadi, kwamfuta ita ce akawu. Da sunayen nan zan riƙa rubutawa, sun fi nawa sauƙi.

Alhamis, 9 ga Janairu

Mai gadi da akawu sun fara magana. Mutum ya buga lambar tikiti, mai gadi ya tambayi akawu ta ƙofa 1812, akawu ya ce bar shi ya shiga, ga iyakarsa. Labarin abin da mutum ya ci kuma ta ƙofa 1813 yake komawa. Ƙa'idar RADIUS ke nan yadda aka rubuta ta a takardun ƙa'idojin intanet RFC 2865 da 2866 a shekarar 2000, har yau ita ake bi.

Na buga tikiti 300. Lambobi zalla, guda takwas, babu harafi ko ɗaya, don da yawa daga masu sayen ba su yi lakwal ba amma kowa ya san lambar waya. Ƙanena ya yanyanka su da almakashi ya zuba a gwangwanin madara uku.

Lahadi, 12 ga Janairu

Kwana uku da farawa, tikitin awa biyu bakwai kawai aka sayar wa 'yan fada, amma kullum rumfar a cike take har ƙarfe ɗaya na dare, kowa fuskarsa na haske. Na buɗe littafin akawu, sai ga lamba ɗaya ta shiga sau shida, kowace shiga awa biyu cif.

Laifin nawa ne, kuma na rubuta shi nan don wanda zai yi irin wannan aiki. Na sa akawu ya riƙa aika Session-Timeout, sifa ta 27 a cikin ƙa'idar, da daƙiƙa 7200. Ni a zatona wannan shi ne tsawon ran tikiti. Ashe wa'adin zama guda ne kawai. Idan ya cika mai gadi ya fitar da kai, ka sake buga lambar, akawu ya sake cewa 7200, ka koma ka zauna. Yaran ba su fasa komai ba, ƙofa suka gani a buɗe.

Gyaran shi ne akawu ya daina aika lamba tsayayya. Duk sanda mutum ya zo shiga, sai ya tara daƙiƙun da tikitin ya riga ya ci a zaman baya, ya cire daga 7200, saura shi zai aika a matsayin wa'adi. Wanda ya ci minti 50 da safe, da yamma minti 70 za a ba shi. Idan saura ya zama sifiri, a hana shi shiga. FreeRADIUS yana da sashen da ke yin wannan ƙidaya, sqlcounter. Na gwada da tikitin minti biyar, na fita na koma sau uku, ya mutu a kan lokacinsa.

Asabar, 18 ga Janairu

Wannan ta fi ta ranar Lahadi damuna, domin wancan kuɗin Kawu ne ya zube, wannan kuwa kuɗin wata ne muka ci.

Akwai wata dattijuwa da katangarta ke manne da shago, duk unguwa Inna muke ce mata. Ɗanta yana Abijan, kamar yadda gidajen Adar da yawa ke da wani a can ko a Libiya. Jiya bayan magariba ta sayi tikitin awa biyu, ta saurari saƙon muryarsa, ta mayar masa, minti ashirin bai cika ba. Da safe ta zo za ta ji amsa, waya ta ce tikiti ya ƙare. Ta tsaya bakin kanta da wayar a naɗe cikin gefen mayafi, ta ce: "Ɗana, mi ya ci kuɗina? Ni tun isha'i ban taɓa abin ga ba."

Gaskiyarta ne. A littafi, zamanta ya fara ƙarfe bakwai da kwata ya ƙare tara da kwata, kuma duk abin da ya wuce a awa ɗaya da rabi na ƙarshe bai kai mega biyu ba. Wayar tana kan tabarma a ɗakinta, rezon shago yana ratsa katanga, agogo na ta tafiya.

Mai gadi yana da hanya biyu ta gane cewa mutum ya tashi. Ta farko ina kiranta wa'adin sallama, a na'ura keepalive-timeout: yakan riƙa taɓa wayar lokaci-lokaci, idan ta yi minti biyu ba ta amsa ba ya rufe zaman. Minti biyun nan haka yake zuwa daga kamfani, kuma yana aiki sarai ga wanda ya hau babur ya bar unguwa. Ta biyu wa'adin shiru, idle-timeout, sifa ta 28: idan babu abin da ya fita daga wayar zuwa intanet na tsawon wani lokaci, a rufe. Na sa masa minti biyar. Matsalar ita ce wayar zamani ba ta yin shiru. Ko tana aljihu, WhatsApp yana leƙawa ko akwai saƙo, agogo yana daidaita kansa, manhajoji suna tambayar ko an sabunta su. Ƙwaya-ƙwaya ne, amma ya isa mai gadi ya ce mutum na nan.

Akwai na uku da ya ƙara dagula lamarin. Mai gadi yana tuna wayar da ta taɓa shiga har kwana uku, don kada a riƙa wahalar da mutum da buga lamba. Ga mai tikitin mega alheri ne. Ga mai tikitin awa kuwa, ko ya bar wurin an rufe zamansa, da zarar ya gitta ta gaban shago zai tafi masallaci, wayar ta shige, lissafi ya tashi.

Abin da na yi: na kashe wannan tunin ga tikitin awa, na bar shi ga na mega. Na gyara shafin da ke nuna saura, na sa babban jan maɓalli da aka rubuta FITA da Hausa da Faransanci. Sannan na faɗa wa Kawu da ƙanena cewa duk wanda gidansa ke cikin rezo kada a sayar masa da tikitin awa, a ba shi na mega, domin mega ba ya ƙarewa don waya tana kwance. A ganina ma sayar da lokaci ga mai waya ba ma'auni ne mai kyau ba. Ya dace da zamanin da mutum ke zama gaban kwamfuta a siba, ya tashi a ga ya tashi. Na bar shi ne don 'yan kallon ƙwallo suna son sa.

Kawu ya ɗauko tikitin jiga ɗaya ya miƙa wa Inna, bai karɓi ko dala ba.

Lahadi, 26 ga Janairu

Ranar kasuwar Tawa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya mutane suka fara cewa waya tana ganin rezo amma ba ta kamawa. Adireshin da mai gadi ke ara wa kowace waya ne suka ƙare. Rukunin da na buɗe 254 yake ɗauka, kuma na bar wa kowace waya nata har kwana guda, ko da ta masu wucewa ce da suka taɓa dannawa sau ɗaya. Na faɗaɗa rukunin ya koma 510, na rage aron adireshi zuwa minti 30. Ya lafa kafin azahar.

Talata, 4 ga Fabrairu

Daren jiya an ɗauke kuran ƙarfe tara da 'yan mintoci, mutum 31 suna ciki. Batirin da muke da shi tsoho ne, bai riƙe minti goma ba. Da wuta ta dawo, babu wanda ya iya komawa. Kowa sai a ce masa tikitinsa yana hannun wani.

Dalili: na sa dokar cewa tikiti ɗaya waya ɗaya a lokaci guda. Mai gadi yakan aika wa akawu saƙon buɗe zama, sannan saƙon rufewa mai ɗauke da jimillar abin da aka ci. Wuta ta yanke bai samu ya aika na rufewa ba. A littafi mutum 31 suna nan zaune, don haka duk wanda ya zo da lambarsa sai akawu ya ɗauka na biyu ne. Ban da haka ma, ba wanda ya san nawa suka ci kafin duhu ya faɗo.

Maganin shi ne rahoton tsaka-tsaki, Acct-Interim-Interval, sifa ta 85. Mai gadi ya riƙa faɗa wa akawu inda kowa ya kai ba tare da jiran ƙarshe ba. RFC 2869 ta ce kada tazarar ta gaza daƙiƙa 60, kuma ta fi son kada ta gaza 600 saboda nauyi a manyan kamfanoni. Mu da ba mu kai mutum ɗari a lokaci guda ba, na sa 300. Na kuma rubuta 'yar dabarar da ke zagayawa duk minti biyar, duk zaman da aka yi minti goma sha biyar ba a ji labarinsa ba ta rufe shi.

A nan ne tambaya ta taso wadda na'ura ba ta da amsarta. A ce rahoton ƙarshe ya zo ƙarfe tara daidai, wuta ta tafi wani lokaci tsakanin tara da tara da minti biyar. Mintocin nan na tsakiya, a rubuta wa wa? Ana iya rufe zaman a kan rahoton ƙarshe, mai saye ya ci gyara. Ana iya ƙara masa minti biyar ɗin, shago ya tsira da nasa. Na kai wa Kawu maganar yana tsugune yana auna wa wata yarinya gero. Bai ɗago ba sai da ya cika tiya ta yi tozo, ya ƙara da tafin hannu, ya juye mata a buhu. Sannan ya ce: "Abin da ba ka gani da idonka ba, kada ka rubuta wa mutum bashinsa. Ubana da tiya ya ciyar da mu, ba a taɓa kawo ƙararsa ba."

Na ce to, Kawu. Na rufe a kan rahoton ƙarshe. Na lissafa masa abin da hakan zai iya ci: ko mutum 31 duk sun tsira da minti biyar-biyar, minti 155 ne, bai kai kuɗin tikiti ɗaya da rabi ba.

Su 31 na daren jiya kuwa, tunda babu rahoto ko ɗaya a kansu, zaman ya tafi a kyauta.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Wani abin da ɗauke wuta ya tono: Raspberry Pi 4 ba ta da agogo mai batiri. Idan ta farka sai ta tambayi intanet ƙarfe nawa, kuma idan layi bai riga ya dawo ba sai ta ci gaba da tsohon lokacin da ta tuna. Zama biyu na samu da lokacin rufewarsu ya riga na buɗewa. Na sa a kawo mini ɗan agogon DS3231 daga Yamai, mai cin batirin CR2032 irin na sikeli. Na kuma tabbatar mai gadi da akawu duk suna kan lokacin Nijar, awa ɗaya gaba da GMT. Sabon batiri da farantin rana sai ƙarshen wata, in Allah ya yarda, kafin zafin Afrilu ya shigo da yawan yankewa.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Wani ɗalibin jami'a ya sayi tikitin jika guda, jiga biyar, zai sauke darussa. Kwana ɗaya ya dawo ya ce ya ƙare. Ya nuna mini ma'aunin wayarsa: jiga ɗaya da ɗan ɗoriya. Shi ne mutum na huɗu da ya sayi wannan tikiti, amma shi ne na farko da ya san inda ake dubawa. Sauran ukun sun yi shiru ne kawai, wataƙila sun ɗauka haka jiga biyar take. Wannan ya tsaya mini a rai.

Na kwana a kansa kafin in gane. Gurbin da ake aika iyakar mega a cikinsa bit 32 ne, ba ya ɗaukar abin da ya kai 4,294,967,296, wato jiga huɗu. Jiga biyar bayit 5,368,709,120 ne. Idan ka cusa shi a gurbin, sai jiga huɗu su zube, saura 1,073,741,824 ya zauna, jiga ɗaya cif. Kamar ma'aunin kilomita na tsohuwar mota da ke komawa sifiri idan ya cika. Masu ƙa'idar sun san da haka, shi ya sa aka yi gurbi na biyu mai ƙirga sau nawa na farko ya cika ya juya. A wajen MikroTik sunansu Mikrotik-Total-Limit da Mikrotik-Total-Limit-Gigawords. Don jiga biyar, sai a sa 1 a na biyun, a sa 1,073,741,824 a na farkon. Ni na cika ɗaya na bar ɗaya.

Haka abin yake ta ɓangaren rahoto. Abin da mutum ya ci yana zuwa a sifa ta 42 da 43, juyawarsu kuma a ta 52 da 53. Na bi lissafin akawu layi-layi na tabbatar yana haɗa su.

Ƙanena ya tuna fuskokin sauran ukun. Biyu sun zo sun karɓi jiga huɗu-huɗunsu. Na ukun direban mota ne mai zuwa Agadas, mun ajiye masa nasa a cikin ambulan a aljihun kanta.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na cire ɗaure tikiti da lambar jikin waya. Tun Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suna nuna wa kowane wifi lambar aro maimakon ta ainihi, kuma wasu sukan sake ta. Mutum biyu sun rasa shiga da tikitinsu na halal saboda haka. Dokar waya ɗaya a lokaci guda ta wadatar. Idan miji ya gama ya ba matarsa lambar, megan da ya saya ne take ci.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi ya juya mana lokaci. Da rana rumfa fayau, bayan asham kuwa har sahur ba masaka tsinke. Kawu ya ce a yi tikitin dare na dala talatin, daga goma zuwa biyar na asuba. FreeRADIUS yana da Login-Time, na rubuta masa tazarar, shi da kansa yake lissafa abin da ya rage zuwa ƙarfe biyar ya aika a matsayin wa'adin zama. Wanda ya shiga ƙarfe uku, awa biyu zai samu, don haka na sa ƙanena ya riƙa faɗa wa duk mai saye bayan tsakar dare kafin ya karɓi kuɗinsa.

Gudun kowa na nan yadda na sa tun farko, megabit biyu saukewa, ɗaya aikawa. Da mutum sittin layin yana nishi amma murya tana wucewa.

Talata, 11 ga Maris

Shekaranjiya Inna tana magana da ɗanta, jikarta ta karɓi waya za ta gaishe da uban, megan ya ƙare, kira ya yanke a tsakiyar gaisuwa. Lissafi daidai ne wannan karon, har bayit na ƙarshe. Amma ƙarfe goma sha ɗaya na dare ne, tsohuwa ba za ta fito neman tikiti ba, shi kuma can Abijan sai ya yi ta kira yana zaton wani abu ya faru.

Shafin saura ba ya taimakon wanda ke cikin kira, ba ya ganinsa. Abin da na shirya shi ne kada mai gadi ya datse kai tsaye. RFC 5176 ta 2008 ta ba akawu damar aika umarni ga zaman da ke tafiya, ta ƙofa 3799, ko ya yanke shi ko ya canza masa sharaɗi. Idan megan mutum ya cika, akawu zai sauke gudunsa zuwa kilobit 64 na minti goma, sannan a rufe. Bidiyo zai tsaya cak, mai kallo ya san tikiti ya ƙare. Murya kuwa za ta ci gaba har a yi sallama.

Sai da na sake taɓa rahoton tsaka-tsaki. A gudun megabit biyu, mutum na iya sauke mega 75 cikin minti biyar, ya wuce iyaka akawu bai sani ba. Na mai da shi daƙiƙa 60 ga tikitin mega kawai, don kada yawan rubutu ya gajiyar da katin ajiyar 'yar kwamfutar, na kuma ɗora mega 30 a kan iyakar da mai gadi ke riƙe da ita, ta zama katangar ƙarshe. Kawu ya tambayi nawa gyaran zai ci a kowane tikiti, na ce ga mai kira bai kai mega goma ba, ya ce a sa.

Na gwada da wayar ƙanena bayan la'asar. Na ba shi tikitin mega 20, ya tsaya bakin rumfa ya kira ni ta WhatsApp, yana sauke bidiyo a lokaci guda. Bidiyon ya tsaya, muryarsa ta ɗan shaƙe na daƙiƙa biyu ta dawo, muka ci gaba da magana har minti goma suka cika. Sau uku muka yi, sau biyu ya yi daidai, sau ɗaya umarnin bai isa ba ya yanke a katangar ƙarshe. Gobe bayan sahur zan bi littafin mai gadi in ga inda saƙon ya maƙale. Tikitin Inna na yanzu saura mega 140, ƙanena ya duba mata da magariba.